Kafin a sauya katin hoton kwamfuta

Katin hoto, wato sashen kwamfuta da ke zana duk abin da ido ke gani a fuskar na'ura, shi masu wasannin kwamfuta suka fi saurin ɗora wa laifi idan wasa ya fara cijewa, alhali sau da yawa matsalar tana wani wuri dabam. Idan firosesa, wadda ke lissafa motsin wasan kafin a zana shi, ta tsufa, sabon kati zai zauna ne yana jiran umarninta, kuɗin kuma sun tafi a banza. Idan kuwa za a sauya katin, abin da ya fi cancanta a duba shi ne ma'adanarsa, inda yake ajiye hotunan da yake aiki da su. Katin GTX 1060 na 2016 mai gigabait 6 ya fara gazawa a manyan wasannin yau, kuma abin takaici ne cewa kamfanin Nvidia ya fitar da RTX 4060 a 2023 da gigabait 8 kacal, bayan RTX 3060 na 2021 ya zo da 12. Sai batun wuta: RTX 4090 yana jan wat 450, nauyin da kan tilasta sauya akwatin raba wutar kwamfutar, ya kuma zuƙe batirin gidan da ke dogaro da sola. Katunan gwanjo da suka cika kasuwa bayan an daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katunan hoto a Satumbar 2022 suna da araha, amma da yawansu sun daɗe suna aiki dare da rana, don haka wajibi ne a gwada zafinsu da fankokinsu kafin a biya.