Ra'ayinmu: Wa zai hukunta mai bindigar gwamnati?

A maƙwabciyarmu Nijeriya, inda ake tsarin tarayya, akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci wa talakawa tuwo a ƙwarya: idan soja ko ɗan sanda ya kashe farar hula, wa ke da hurumin gurfanar da shi, gwamnatin jaha ko ta tarayya?

A bisa takarda, kisan kai laifi ne da dokokin jaha suka tanadi hukuncinsa, kuma sashe na 211 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba babban lauyan jaha ikon shigar da ƙara. Amma sashe na 214 ya ce rundunar ƴan sanda ɗaya ce a ƙasar baki ɗaya, kuma daga Abuja take karɓar umurni, hakanan ma sojoji. Ke nan jaha tana da kotu, amma masu bincike da masu kamu ba nata ba ne.

Zariya ta ishe mu misali. A watan Disamba na 2015 sojoji suka afka wa mabiya Shaikh Ibrahim El-Zakzaky. A 2016 kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ya gano an kashe farar hula 348 da soja ɗaya, ya kuma nemi a hukunta sojojin da ke da hannu. Jahar ta gurfanar da El-Zakzaky da mai ɗakinsa, kotu ta sallame su a 2021, amma ba a kai soja ko ɗaya gaban alƙalin jahar ba. A Legas ma, bayan harbe-harben Lekki na 2020, gwamnatin jahar ta miƙa wa tarayya shawarwarin da suka shafi soja, tana mai cewa sun fi ƙarfin ikonta.

Mu a ganinmu, sanya kaki ba ya wanke mai laifi. Kotun soja ta tsaya kan ladabtarwar cikin bariki. Jinin farar hula kuwa, a kai shi kotun jahar da aka zubar da shi, a bainar jama'a. Wajibi ne majalisar dokokin tarayya ta tilasta wa rundunoni miƙa duk ma'aikacin da ake tuhuma cikin ƙayyadadden wa'adi. In mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, da wane baki magabata za su ce wa talaka ya bi doka?