Kada Mu Narkar Da Aikin Maƙeranmu

Akwai wani al'amari da mu ke so mu jawo hankalin jama'a gare shi, musamman iyayenmu mata na Samaru da Sabon Garin Zariya. Watau yadda a ke kwashe tsofaffin 'yan kunne da sarƙoƙi da awarwaro na zinariya, waɗanda maƙeran fari suka ƙera tsakanin 1950 da 1970, a kai kasuwa a narkar, don a sayo na Dubai.

Mai saye ba ya duban kome sai nauyi. In karat 18 ce, ya san kashi uku cikin huɗu ne zinariya, ya biya, shi ke nan. Gwaninta ba ta hawa ma'auni. Alhali kuwa maƙerin nan da hannu ya ja zinariya ta ƙananan ramukan ƙarfe har ta koma kamar zare, ya murɗa, ya liƙa da wuta, ba a ganin mahaɗi. Ku ɗauko na kakanninku ku duba. Ado kaɗan ne, siffa a fili, ba ya jan kunne. Irin wannan sauƙin ado shi maƙeran Turai suka koma wa bayan yaƙi ya ƙare a 1945, yau kuwa aikinsu na lokacin ana ajiye shi a gidajen tarihi.

Ba ma sai mun je Turai neman darasi ba. A nan Zariya, a 1958, ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya, suka ce a haɗa fasahar gida da ta zamani. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mun sani zinariya ajiyar mace ce, ranar matsuwa ita ce mafita. Wadda ta sayar don magani ko kuɗin makaranta ba ta yi laifi ba. Amma musanya don yayi kawai, wannan hasara ce, gama abin da aka narkar ba ya komowa.

Saboda haka muna roƙon kwalejojin horon malamai su tura ɗalibai su zana waɗannan kayayyaki, su ɗauki hotonsu, su rubuta sunan maƙerin tun masu tunawa na da rai. Allah ya sa a ji, amin.