Daƙiƙa Ɗaya a Alabama

A wata ziyara da na kai wa ɗan ƙanwata da ke karatu a jihar Alabama ta ƙasar Amurka, ya raka ni shagon aski wata ranar Asabar da hantsi. Muna zaune muna jiran layi sai gardama ta kaure tsakanin wasu dattawa biyu da furfura ta cika wa kai. Ɗaya yana buga cinya yana ta ambaton daƙiƙa ɗaya, ɗayan kuwa sai dariya yake yi har da share hawaye. Na ɗauka rikicin gado ne ko na siyasa. Da na tambayi yaron sai ya sunkuyo ya ce: “Kawu, a kan wasan ƙwallo suke musu, kuma an yi shekaru da buga shi.” Tun daga ranar nake bibiyar wannan wasa nasu, kuma musun dattawan nan nake so mu duba a wannan makon.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ya sha bamban da wadda muka saba kallo. Ƙwallon tasu mai siffar ƙwai ce, kuma yawancin aikin da hannu ake yi. ’Yan wasa goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, a kan fili mai tsawon yadi 100. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba da yadi 10. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya sami maki shida, wanda kuma ya buga ta da ƙafa ta bi ta tsakanin turaku biyu da ke tsaye a can ƙarshe ya sami maki uku. Minti 60 ake yi, amma agogo yana tsayawa yana tashi, don haka kowace daƙiƙa a lissafe take. Ƙungiyoyin da nake magana a kansu kuwa na jami’o’i ne, ’yan wasansu ɗalibai ne, galibinsu ba su wuce shekara 23 ba.

Wasan da dattawan ke musu a kai an buga shi ne ranar 30 ga Nuwamban 2013, a filin Jordan-Hare da ke garin Auburn, a gaban mutane fiye da 87,000. Jami’ar Alabama ta zo tana matsayin ta ɗaya a ƙasar, ita ta ɗauki kofin ƙasa na kakar 2011 da na 2012, kuma babu wanda ya doke ta a wannan kakar. Jami’ar Auburn kuwa maƙwabciyarta ce kuma babbar abokiyar adawarta. Ana dab da tashi maki ya tsaya 28 da 28. Ɗan wasan Alabama T. J. Yeldon ya ruga da ƙwallo har aka ture shi waje, agogo ya nuna lokaci ya cika. Sai kocin Alabama, Nick Saban, ya ce atafau yaronsa ya fita fili kafin agogo ya ƙare. Aka koma ga hoton bidiyo, aka ga gaskiyarsa, aka mayar da daƙiƙa ɗaya.

Da wannan daƙiƙar Saban ya sa wani sabon ɗalibi, Adam Griffith, ya gwada bugun maki uku daga nisan yadi 57. Ƙwallo ta tashi amma ba ta kai turaku ba. Wani ɗan wasan Auburn mai suna Chris Davis, wanda ke tsaye a can ƙarshen fili, ya cafe ta, ya ranta cikin na kare ta gefen layi, bai tsaya ba sai da ya ratsa filin gaba ɗaya, tafiyar yadi 109. Auburn ta ci da 34 da 28. Daƙiƙar da Alabama ta nema da bakinta ita ta raba ta da burin ɗaukar kofi karo na uku a jere.

Dattijon farko, mai goyon bayan Alabama, a nan ya tsaya. A ganinsa da an bar agogo yadda yake da an tafi ƙarin lokaci, kuma da ƙungiyarsa ta yi nasara. In aka matsa masa sai ya koma kan masu bugun ƙafa, ya ce su suka zubar da wasan. Na biyun kuwa ya ce rabo ne kawai ya rantse, ranar Auburn ce. Na daɗe ina juya maganganun nan biyu, kuma ra’ayina shi ne kowannensu ya kama wani yanki na gaskiya ya saki babban.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daƙiƙa ɗaya ba ta iya yanke hukunci sai a wasan da aka riga aka bari ya yi kankankan, kuma Alabama ta sami damar rufe wasan tun kafin nan. A zango na ƙarshe tana gaba da 28 da 21, ta kai yadi 13 daga ƙarshen filin Auburn, saura yadi ɗaya tak ta sami sabuwar dama, aka tare ta. Saura daƙiƙa 32 kuma masu tsaron bayanta suka saki Sammie Coates shi kaɗai, ya karɓi jifa ya kai ƙwallo gida, maki ya daidaita. Ko a bugun ƙarshen ma akwai shiri a ciki. Kocin Auburn, Gus Malzahn, ya nemi a tsayar da wasa, ya sauya wanda ke jira a ƙarshen fili, ya ajiye Davis, wanda dama gudu da ƙwallon da aka bugo shi ne aikinsa. Alabama kuwa ƙatti masu nauyi ta jera domin su kare mai bugu, mutanen da ba a shirya su don bin mai gudu ba. Abin da dattijo na biyu ya kira rabo, da hannun koci a ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne inda laifin ya sauka. Babban mai bugun Alabama a ranar, Cade Foster, ya gwada bugun maki uku har sau uku bai ci ko ɗaya ba: biyu suka kauce, ɗaya aka tare. A cikin waɗanda suka kaucen akwai wanda ya fara bugawa ƙwallo ta shiga, aka soke saboda laifin abokin wasansa, aka ja shi baya da yadi biyar, ya sake bugawa ta baude. Wasu magoya baya ba su duba wannan ba. A daren suka yi masa ca a shafukan sada zumunta da zagi, har da barazanar kisa. Ɗalibi ne a shekararsa ta ƙarshe, kuma a lokacin dokar wasannin jami’o’i ba ta yarda a biya ɗan wasa albashi ba, alhali kocinsa na karɓar fiye da dala miliyan biyar a shekara. Abokan wasansa sun fito sun kare shi, kuma tsohon shugaban Amurka George W. Bush, shugaba na 43, ya rubuta masa wasiƙar ƙarfafa gwiwa, shi da ke sanye da riga mai lamba 43.

Ba a kansa aka fara ba. A watan Nuwamban 1991 Jami’ar Jihar Florida, wadda ke matsayin ta ɗaya, ta sha kaye a hannun Jami’ar Miami da 17 da 16, bayan da bugun Gerry Thomas daga yadi 34 ya kauce ta dama ana dab da tashi. A wannan shekarar ce hukumar wasannin jami’o’i ta rage faɗin turaku daga ƙafa 23 da inci 4 zuwa ƙafa 18 da inci 6, kuma har yau magoya bayan Florida suna cewa da tsohon faɗin ne da ƙwallo ta shiga. Ke nan shawarar da manya suka yanke a ɗakin taro watanni kafin wasan tana da nata kaso a sakamakon. Amma sunan yaron ne ya zauna a bakin mutane, ba na ’yan kwamitin ba.

Dalilin wannan ɗabi’a ba ɓoyayye ba ne. A wasa guda ana yin fafatawa fiye da ɗari, kuma zuciyar mai kallo ba ta iya riƙe su duka. Kuskuren da aka yi a minti na goma akwai sauran lokacin gyara shi, don haka sai a manta. Na ƙarshe kuwa babu gyara, kuma mai bugu shi kaɗai yake tsaye, idon kowa a kansa. Maki ukun da aka rasa a farko da wanda aka rasa a ƙarshe daidai suke a kan allo, amma ba daidai suke a ran mai kallo ba. Haka nan ya fi sauƙi mutum ya ce inci biyu ne suka kayar da mu, da ya amince cewa an yi minti 60 ba a iya tsere wa abokin hamayya ba. Laifi tudu ne.

Ba ina cewa babu sa’a a wasa ba. Ƙwallo mai siffar ƙwai in ta faɗi ƙasa babu mai sanin inda za ta nufa, kuma alƙalin wasa da ido yake kimanta wurin da aka kayar da mai ƙwallo kafin a jawo sarƙa mai yadi 10 a auna. Idan ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki a ƙarfi, dole wani ƙaramin abu ya raba su, kuma wannan ne ma ke sa dubban mutane cika fili. Musun ’yan kallo a kai halal ne, har yana da daɗin sauraro. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tattara nauyin wasan mutum goma sha ɗaya da kocinsu da alƙalai a aza a kan ɗalibi ɗaya, domin kawai shi ya taɓa ƙwallo a ƙarshe. Wanda ke son ƙungiyarsa ta gyaru, tambayar da za ta amfane shi ita ce me ya sa wasan ya kai ga jiran daƙiƙa ɗaya.

Akwai ragowar labarin da na so a ce na sani a ranar askin, da na tuna wa dattijon mai dariya. Makonni biyar bayan wancan wasa, ranar 6 ga Janairun 2014, Auburn ta buga wasan ƙarshe na kofin ƙasa da Jami’ar Jihar Florida. Tana gaba har saura daƙiƙa 13 a tashi, sai Kelvin Benjamin ya yi tsalle ya cafe jifan Jameis Winston a cikin gida, Florida ta ɗauki kofi da 34 da 31. Ɗan wasan Auburn da ke tsaron Benjamin a wannan jifar kuwa shi ne Chris Davis. Na tambayi ɗan ƙanwata ko dattawan suna musu a kan wannan ma, ya ce wanda ya yi dariya a ranar, in aka ambaci daƙiƙa 13, shi ke fara miƙewa ya biya kuɗin aski.