Da Kalangu Nake Gwada Iyafis

Ranar Asabar da ta wuce na shiga wani shagon kayan waya a Titin Ahmadu Bello, daura da Kasuwar Sheikh Gumi a Kaduna, neman iyafis, saboda nawa kunne ɗaya ya mutu. Yaron shagon ya zaro kwali uku ya jera a kan gilashi, ya ɗora yatsa a kan na tsakiya.

"Baba, wannan za ka ɗauka. Bes ɗinsa har cikin ƙirji ake jinsa."

Ya haɗa da wayarsa ya kunna mini wata waƙar zamani. Gaskiya ya faɗa, kiɗan ya yi ta dukan dodon kunnena kamar ana sakwara. Na ce masa, "Madalla, samari. To bari in ji da tawa wayar." Na sa Mamman Shata. Nan take abin ya sauya. Kalangun ya koma gunji ɗaya, kamar daga cikin rijiya ake kaɗa shi, muryar Shata ta ja baya can, 'yan amshi kuwa suka dunƙule wuri guda, ba ka iya raba muryar wani da ta wani. Na cire na miƙa masa. Na ukun, wanda bai ko yi niyyar buɗe mini ba, wanda kuɗinsa bai kai na tsakiyan ba, shi ne ya fito mini da kalangu yana magana.

Abin da na daɗe ina son faɗa a wannan fili ke nan. Kasuwa ta koya wa yaranmu cewa kyan sauti shi ne nauyin bes, alhali mu abin da muka fi saurare murya ce. Duba wayar duk wanda ka ga dama daga Kawo zuwa Tudun Wada. Za ka tarar da karatun Alƙur'ani, da tafsiri, da labaran safe na BBC ko DW, da littafin da wata ke karantawa, da saƙon murya na WhatsApp da ba ya ƙarewa, sannan waƙa. Waƙar ma, in ta gargajiya ce, baiti ne jigonta, kiɗa rakiya yake yi. Abin kunnen da ya danne murya ya ɗaga ganga, bai yi mana aikin da muka saye shi dominsa ba.

Mutanen wannan gari da murya aka raine su. Tun 1962 da gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a nan Kaduna, kunnen Bahaushe ya saba da akwatin da ba shi da bes ko na anini. Da ƙaramar rediyo mai batir biyu muka ji Jakar Magori da Zaɓi Sonka da Samanja, da ita iyayenmu suka ji tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello. Ina tuna ɗan farin abin kunne guda ɗaya, mai siririyar waya, da ake sayar da rediyon da shi. Mahaifina da shi yake kama gajeren zango da dare don kada ya tashi mutanen gida. Akwai shuu a ciki, tashar takan tafi ta dawo, amma kalma ba ta ɓata masa. Injiniyoyin wancan zamani sun san inda magana take zaune a cikin sauti, can suka zuba ƙoƙarinsu. Layin tarho na da ma abin da yake ɗauka bai wuce daga girgiza 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa ba, kuma da shi duniya ta yi ta hira shekara da shekaru.

Bari in ɗan tsaya a nan, don a nan ne maganar take. Sauti girgizar iska ce. Kunnen yaro mai lafiya yana kama daga girgiza 20 a daƙiƙa zuwa 20,000, wato abin da ake aunawa da has. Bes yana can ƙasa, kamar daga 250 zuwa abin da ya yi ƙasa. Wasulan magana suna tsakiya. Baƙaƙen da ke raba kalma da kalma, musamman masu huci da fito, suna can sama, wajen 4,000 zuwa 8,000. Faɗi waɗannan da bakinka ka ji: sara, tsara, shara. Wasulan iri ɗaya ne, bambancin duk yana cikin ɗan hucin nan na farko. Haka baki da baƙi: 'yar tsinkewar nan ta ƙ gajeriya ce, kamar ƙiftawar ido. To sauti mai nauyi yana da halin rufe wanda ke samansa, kamar yadda ƙarar janareto ke cinye hirar zaure. In aka cika bes, aka kuma bar saman a dushe, abin da zai fara tafiya shi ne waɗannan haruffa. Mai sauraren ƙira'a ya fi kowa sanin haka. Sa Husari ko Minshawi a irin wannan iyafis, ka ji yadda sinun da sadun ke neman zama abu ɗaya. Almajirin da ke gyara tilawarsa da waya a kunne, wannan ba ƙaramar asara ba ce gare shi.

Shi ya sa nake yawo da ma'aunai uku a wayata. Na farko kalangu. Makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata ya sassauta, sautin ya hau ya sauka yana bin karin harshenmu, shi ya sa muke cewa kalangu na magana. Iyafis mai kyau zai ba ka saukar makaɗi a kan fata, tas, sannan lanƙwasar amon da ke biye. Maras kyau gunjin kawai zai bar maka. Na biyu kuntigin Ɗan Maraya Jos, mai tsarkiya ɗaya tal. Siririn sauti ne mai kaifi, kuma shi ke tona asirin ɗaya aibin, wato iyafis ɗin da aka cika wa tsini har yana soka kunne. In kuntigi ya fara yi mini kamar ana kankare kwano, na san minti ashirin ba zan yi da abin ba kaina zai ɗau ciwo. Na uku muryar da na sani ido da ido: saƙon da ƙanwata ta aiko mini tana ba ni labarin wani biki. Ban san yadda muryar mawaƙin Legas take a fili ba, ba ni da abin da zan kwatanta. Muryar ƙanwata kuwa shekara arba'in ina jinta. In ta fito da kauri kamar mai mura, ko ta fito a shaƙe, ba sai an gaya mini ba.

Kada matasa su ce na tsani bes. Ban tsane shi ba. Waƙoƙin da ake haɗawa a situdiyo yanzu, na Kano da na Legas, a kansa aka gina su, kuma wanda ya ji su ba tare da shi ba bai ji abin da mai kiɗan ya nufa ba. Kamfanin Harman na Amurka, a ƙarƙashin wani masani Sean Olive, ya shafe shekaru yana sa mutane gwada abin kunne iri-iri ba tare da sun san sunan wanda suke ji ba. Mafi yawansu sun zaɓi sautin da aka ɗan ƙara wa bes, wasu suka so fiye da haka, wasu suka so ƙasa da haka, kuma masu manyan shekaru sun fi yawa a rukunin ƙarshe. Ke nan ɗan ƙari ba laifi ba ne. Gishiri ne, miya na son sa. Abin da nake ƙi shi ne a juye kwanon gishirin duka don a rufe rashin nama. Bes mai kumbura shi ya fi sauƙin samarwa da arha, kuma shi ya fi saurin burge mai saye a cikin daƙiƙa talatin, a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Zaƙin murya sai an zauna da shi ake gane shi.

Wani abin kuma, kunne ba ɗaya ba ne. Ramin kunnen kowa da tsawonsa da faɗinsa, kuma shi kansa ramin yana ƙara wa wasu sautuka ƙarfi, wajen girgiza 3,000. Shekaru ma suna cin saman ji a hankali. Abin da ya yi mini daidai yana iya yi wa ɗan shekara ashirin tsini. Saboda haka in abokinka ya rantse maka cewa wane iri ya fi kowanne, kunnensa yake ba ka labari. Ga kuma 'yan robobin nan uku da ke cikin kwali, ƙarama da matsakaiciya da babba, da yawancinmu ke zubarwa. In robar ba ta toshe kunne ruf ba, bes zai zurare, sautin ya yi fayau, mutum ya yi ta zagin kaya mai kyau.

Wani lokacin ma laifin ba na iyafis ba ne. Waƙar da aka ɗauko daga kaset, aka matse ta don ta shiga memori, aka tura ta waya zuwa waya, aka sake matsewa, ta riga ta zube a hanya. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 na gama-gari 128, wasu da masu turi ke zuba wa mutane ba su kai rabin haka ba. Abin kunne mai kyau ba zai dawo da abin da aka yar ba, sai ma ya ƙara nuna maka gurbinsa. Yana yi mini ciwo cewa waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Barmani Coge a irin wannan hali suke yawo a wayoyinmu.

Yanzu ga dalilin da ya sa ban ɗauki wannan zance a matsayin shagalin masu kuɗi ba. In kalma ba ta fita, me mutum yake yi? Ƙara murya yake yi. Yana cikin Keke daga Kasuwa zuwa Unguwar Rimi, ga hon, ga salansa, ga iyafis da bai toshe kunne ba, sai ya danna har ƙarshe don ya ji abin da malam ke faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare. Ma'aunin da ta bayar shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 83 awa 20, 86 awa 10, in aka kai wajen 100 kuwa kamar minti 20 ne a mako gaba ɗaya. Wayoyi da yawa suna iya kai wa can. A cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu gashi-gashi, kusan 15,000 a kowane ɓangare, su ke mayar da girgiza ta zama ji, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Ɓarnar ƙara takan fara ne daidai wajen girgiza 4,000, wato unguwar su sa da tsa da sha. Mutum zai ce yana jin magana amma ba ya ganewa, ya sake ƙara murya, ramin ya ƙara zurfi.

Ɗan yayata, wanda ke aji uku a jami'a, ya taɓa ce mini, "Kawu, in na kwanta da dare sai in ji kunnena yana kuka kamar gyare." Na tambaye shi tun yaushe, ya ce ya fi wata biyu. Kuma a garin nan Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1999, mutane na zuwa mata daga jihohi masu nisa, mu da muke maƙwabtaka da ita ba ma tunanin zuwa awon ji sai abu ya ɓaci. Na sa shi ya je. Na kuma karɓi iyafis ɗinsa na gwada: irin na tsakiyan nan ne, gunji zalla.

Saboda haka gwajina na ƙarshe shi ne in rage murya. Ina sauke ta zuwa kashi ɗaya cikin uku, in ji ko har yanzu ina tsintar kowace kalma. Shawarar hukumar lafiyar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100, kuma abin kunne na ƙwarai ba ya sa ka sha'awar wucewa. Masu hawa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, in da hali, irin mai kashe hayaniya ya cancanci kuɗinsa, domin gunjin inji mai ɗorewa shi ya fi iya sharewa. Hon da ihun kwandasta ba ya iya musu sosai, kuma gara haka. Mai tuƙa babur ko mai tsallaka titi a gadar Kawo bai kamata ya toshe kunne biyu ba ko da wane iri ne.

Roƙona ga masu shaguna ƙarami ne: a ware na gwaji, a riƙa goge robarsa, a bar mai saye ya ji da wayarsa, da abin da ya saba ji. Yaron shagon nan ya yi mini haka ba tare da ɓata rai ba, Allah ya yi masa albarka. Da na biya kuɗin na ukun, sai ya ce, "Baba, don Allah ba ni in ji abin da ka ji." Na sa masa kalangun a na tsakiya, sannan a wanda na saya. Ya yi shiru yana saurare, ya nemi in maimaita. Da ya cire sai ya ce, "Ashe makaɗan ba ɗaya ba ne." Kafin in fita sai da ya sa na tura masa waƙar a wayarsa.