Lissafi Ba Ya Son Kaɗaici



A zauren dattijon da nake wa rubutu a nan Boutalbagar, na sha ganin rabon gado ya cije wa ɗalibin lise mai shirin jarrabawar bak, alhali ya haddace ƙa'idojin lissafi shafi-shafi. Yaron ba daƙiƙi ba ne. An saba masa da kwafe abin da malam ya rubuta a allo cikin aji mai cunkoso, ba a taɓa barinsa ya yi jayayya da ɗan'uwansa kan wata mas'ala ba.

Mu da muka tashi a karatun zaure mun san muzakara. Bayan malam ya biya, almajirai kan zauna uku ko huɗu, wannan ya kawo fahimtarsa, wancan ya warware ta, har gaskiya ta fito.

Ku dubi mas'alar auli. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma kashi biyu cikin uku. In aka haɗa, bakwai ne cikin shida, dukiya ba ta kai ba. Sayyidina Umar ya tara sahabbai aka yi shawara, aka mayar da asalin rabon bakwai: miji uku, mata huɗu. Sabuwar hanya ta fito daga zaman jama'a. Littafin aljabara na Alkawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, shi ma cike yake da irin waɗannan mas'alolin gado da wasiyya.

Wani zai ce malalaci zai laɓe a bayan mai ƙoƙari, kuma ranar bak kowa shi kaɗai ne. Gaskiya ne, amma akwai magani. Malam ya ba da mas'ala ɗaya mai hanyoyi da yawa, kowa ya fara gwadawa shi kaɗai, sannan su haɗu huɗu-huɗu. Daga ƙarshe malam ya zaɓi wanda ya ga dama ya fito ya yi bayani. Wanda ya iya fahimtar da abokinsa ba zai ruɗe a zauren jarrabawa ba.

Ga malamai, ko sa'a ɗaya a mako ta isa farawa. Ga iyaye, a shimfiɗa wa yaran unguwa tabarma bayan magariba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa mu dace.