Zuwa ga Masu Aikin Wayarin na Hanwa



Yabon da kuka cancanta zan ba ku tun da wuri, kada a ce tsoho ba ya ganin alheri. Hannunku ya fi namu sauri, kun iya sola da inbata waɗanda zamaninmu bai san su ba, kuma daga Hanwa har Tudun Wada gidaje da shaguna da yawa suna haske ne da guminku. Allah ya yi albarka. Sai dai wani abu ne daban ya sa na ɗauki biro.

Duk mai son Kaduna Electric ta ja masa wuta zuwa sabon gini sai ya cike takardar nema, a cikinta kuwa akwai gurbin da ɗan kwangilar lantarki mai lasisi zai sa hannu ya shaida an yi wayarin bisa ƙa'ida. Wannan gurbin ya zama haja a wajen wasunku. Yaro ya gama aiki, ba shi da lasisi, sai ya kai takardar shagon mai lasisi, a buga hatimi, a miƙa na goro, kowa ya kama gabansa. Mai hatimin bai san ko gabas ƙofar gidan take kallo ko yamma ba. Bai taɓa wayar ba, bai ga allon fiyus ba, amma ya rubuta sunansa cewa iyali za su iya kwana a ciki lafiya. Ai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Malam. Ka karɓi kuɗin dubawa, to tashi ka je ka duba.

Kada wani ya ce mini babu doka. A 2015 aka kafa hukumar NEMSA da dokar majalisa, ta gaji aikin sashen sufetocin lantarki na ma'aikatar tarayya. Ita ke tantance masu aikin wayarin ta ba su shaida, ita kuma ke da alhakin duba aiki da gwada shi kafin a sake masa wuta. A shekarar ce kuma hukumar kula da lantarki ta NERC ta fitar da ƙa'idojin haɗa lantarki, Dokar Lantarki ta 2023 ta zo ta bar wa NEMSA aikin dubawa. Izinin gini da maigida ya karɓo daga hukumar tsara birane ta KASUPDA nasa ne da magina. Ba ya auna muku waya ko ɗaya.

Mutumin da ya koya mini sana'ar nan, Allah ya jiƙansa, ya fara aiki tun kafin a kafa NEPA a 1972. Ba ya yarda a shafe bango da fulasta sai ya bi bututu ɗaya bayan ɗaya. In an gama, ya ɗauko Megger ɗinsa mai hannun juyawa ya gwada ko rigar waya tana zuba, ya auna sandar ƙasa, sannan ya jira sufeto. Yakan ce da rani ake sanin sandar ƙasa ta gaskiya, domin in ƙasa ta bushe ƙayau ba ta saurin karɓar wutar da ta ɓata hanya. Da damina kowace sanda jaruma ce. Yau a cikinku nawa ne ke da abin gwaji ban da sukundireba mai ɗan ƙwan fitila? Na ga gidan da aka ja koriyar waya daga soket ta shiga bango ta tsaya nan, ba ta kai ko'ina ba, don dai maigida ya ga launi uku. Wannan ha'inci ne, kuma wanda zai biya kuɗinsa yarinya ce mai jiƙaƙƙen hannu da za ta taɓa firji.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne gyaran tsohon gida. Gidajen Low Cost da irinsu an yi musu wayarin ne don fitila da fanka da rediyo da dutsen guga. Yanzu Alhaji ya samu buɗi, zai ƙara ɗakuna, ya sa na'urar sanyaya ɗaki, da hita, da injin jan ruwa na rijiyar burtsatse, a ƙofar gida kuma a fitar da shago a ba mai walda ko mai injin niƙa haya. Sai a kira ɗayanku, ya nemi soket mafi kusa ya jona. Waya mai kaurin 1.5 ta fitila ce, 2.5 ta soket ce, manyan kaya kuwa suna son layinsu na kansu da 4 ko 6 da birekarsu. Duk kun san haka, tun kuna ɗaukar jakar kayan aiki aka karanta muku. In bireka ta riƙa faɗuwa, ƙara take kawo muku cewa waya ta yi zafi. Ku kuma sai ku cire ta ku sa babba, ko ku naɗa wa fiyus wayar tagulla, wutar ta daina ɗaukewa, maigida ya yi godiya, waya ta ci gaba da dahuwa a cikin silin. Nauyi ya canza, saboda haka dubawa ta sake wajaba, kuma injin da ke son layi uku a nema masa layi uku ta hanyar kamfani.

Janareta ma haka. Wanda ya haɗa shi ba tare da makunnin sauya layi ba yana tura wuta baya zuwa turke, ma'aikacin da ya hau sama kuwa ya yarda layi a kashe yake.

Na san amsarku: maigida ba ya son kashe kuɗi, in ka tsaya wani zai karɓi aikin da rabin farashi, ya sayo wayar da tagullarta ba ta cika ba. Gaskiya ne, ni ma na rasa ayyuka a kan haka, kuma na san zafin komawa gida hannu rabbana. Ku yi haƙuri in harshena ya yi kaifi, ban raina wahalarku ba. Amma ku gaya wa Alhaji gaskiyar kaurin wayar da gidansa ke buƙata, ku rubuta masa a takarda, ku nuna masa ingantacciyar waya, ga kamfanin NOCACO nan Kaduna kusa da mu. Wanda bai da shaidar NEMSA ya nema, kafin ta fito ya yi aiki ƙarƙashin mai ita, ya kira shi tun bututu yana fili. Ku kuma masu hatimi, in an kawo muku takarda gobe, ku tambayi kwatancen gidan, ku ɗauki abin gwaji ku bi yaron.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon mai aikin wayarin, Hanwa, Zariya