Zanen bishop shaidar tarihi ce, a daina raina ta

Ana yawan cewa tsofaffin zanukan bishop-bishop na Ingila, waɗanda aka yi da fentin mai, fadanci ne kawai. Wai tsoho ne a baƙar riga mai farin hannu ya biya mai zane ya gyara masa fuska, don haka a sauke su a kai ma'aji. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Mai faɗar haka kallo ya yi ya wuce, bai tsaya ya karanta ba.

Ga zanen Thomas Cranmer, Akbishop na Canterbury, wanda Bajamushe Gerlach Flicke ya yi wajajen 1545, yana gidan adana hotuna na ƙasa a Landan. A hannunsa wasiƙun Manzo Bulus ne, a kan tebur kuma littafin malamin coci Augustine kan bangaskiya da ayyuka. Wannan ita ce rigimar da ta raba Turai a lokacin: bangaskiya kaɗai ke cetar mutum, ko sai an haɗa da aiki? Sarki Henry na Takwas na da rai, kuma ya ƙi sauya yawancin aƙidar gargajiya. Cranmer ya nuna da littattafai abin da faɗarsa da baki ke iya jawo masa halaka. A 1556, zamanin Sarauniya Mary, aka ƙone shi da ransa a Oxford saboda aƙidarsa.

Ko inda akwai fadancin ma, zanen kan tona asiri. A 1717 Bishop Benjamin Hoadly ya yi wa'azi gaban Sarki George na Farko cewa mulkin Almasihu ba na duniya ba ne, cocin Ingila ta rikice da gardama. Shi kuwa sai hawa yake yi har ya zama bishop na Winchester a 1734, ɗaya daga cikin kujerun da suka fi arziki. William Hogarth ya zana shi a 1741, jikinsa cike, cikin alkyabbar girmamawa ta sarauta. Duk mai ido ya ga inda wa'azin ya kai shi.

Saboda haka a bar zanukan a bango, a rubuta tarihinsu a gefe. Ɗalibin da yake son sanin yadda malaman addini ke zama da masu mulki, wani ya mutu kan aƙidarsa, wani ya ƙoshi a inuwar fada, zai samu darasin a fuskokin nan biyu.